Kurciyar Nuhu da Allon Nineba

Ɗan yayata ne ya turo mini bidiyon da tsakar dare, ya haɗa da ɗan rubutu a ƙasa: "Kawu, ka ga wannan? Ashe duk kwafa suka yi." Na buɗe. Wani mai kakkaurar murya yana jero cewa Horus, abin bautar Misirawan dauri, budurwa ce ta haife shi ranar 25 ga Disamba, yana da almajirai 12, an gicciye shi, ya tashi bayan kwana uku. Haka Mitra na Rumawa, haka Kirishna na Indiya. Daga nan aka yanke hukunci: Baibul kayan sata ne. Na rubuta masa cewa ya kwanta, ya biyo ta gida da safe.

Ni Musulmi ne, ba aikina ba ne kare littafin Kirista, suna da malamansu. Amma na taso cikin maƙwabta masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma na daɗe ina bibiyar wannan magana, har na tsaya a kan ra'ayi. Akwai aro a cikin Baibul, aro na gaske wanda mai adalci ba zai musa ba. Sai dai ba ya wurin da bidiyon ya nuna, kuma abin da aka yi da kayan aron ya fi aron kansa ban sha'awa.

Ranar 3 ga Disamba 1872 wani Bature mai suna George Smith ya tsaya gaban taron masana a Landan, firayim minista Gladstone yana zaune cikin masu sauraro. Smith bai yi jami'a ba. Sana'ar da ya koya ita ce zana farantin buga takardun kuɗi, lokacin hutun abincin rana yake sulalewa zuwa gidan tarihi na Birtaniya yana duban ɓaraguzan allunan yumɓu, har ya iya karanta su. Allunan daga kufan Nineba aka tono su, garin Annabi Yunusa, tsallaken kogi daura da Mosul ta Iraƙi, daga ma'ajiyar littattafan sarki Ashurbanifal wanda ya yi mulki a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da Smith ya karanta wa taron ran nan shi ne allo na 11 na labarin Gilgamesh, wani sarkin Iraƙin dauri.

Ga abin da ke ciki. Alloli suka ƙulla shawarar halaka mutane da ruwa, suka yi rantsuwa ba wanda zai tona. Ɗayansu, Ea, ya je ya tsaya bayan zanar bukkar wani mutum mai suna Utnafishtim yana magana da zana, don kada a ce ya karya rantsuwa: rushe gida, gina jirgi. Mutumin ya gina, ya shafe shi da kwalta, ya shigar da iyalinsa da dabbobi da masu sana'ar hannu. Aka kwana shida ana tafka ruwa da guguwa. Jirgi ya tsaya a kan wani dutse. Ya saki kurciya, ta dawo don ba ta sami wurin sauka ba. Ya saki tsattsewa, ta dawo. Ya saki hankaka, bai dawo ba. Ya fito ya yi hadaya, alloli suka ji ƙanshi suka taru.

Yanzu a ɗauko Littafin Farawa, littafi na farko a Baibul, sura ta 6 zuwa ta 9. Gargaɗi ga mutum guda, jirgi, kwalta ciki da waje, dabbobi, tsayawa a kan duwatsun Ararat, sakin hankaka, sakin kurciya har sau uku, hadaya, da Ubangiji ya ji ƙanshi mai daɗi. Wani zai ce ai kowace al'umma da ke zaune a bakin kogi tana da labarin ambaliya. Gaskiya ne. Amma ba kowace al'umma ce ke sakin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya don gwada ko ƙasa ta tsane ba, sannan ta bi da hadaya da jin ƙanshi, a jere kamar haka. Har kalmar da aka yi amfani da ita ga kwaltar jirgin Nuhu da Ibraniyanci, kofer, 'yar'uwar kupru ce ta harshen Babila, kuma da wannan ma'ana a nan kaɗai ta fito a duk Tsohon Alkawari.

Wa ya riga wani a rubuce? Babila. Allon Smith ma ɗan baya ne. Akwai wanda ya girme shi, labarin Atrahasis, wanda aka sami kwafinsa na zamanin sarki Ammisaduƙa, wajen shekara 1,600 da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa. Ko an bi al'adar da ta ce Annabi Musa ne ya rubuta Farawa da hannunsa, wancan allo ya riga shi da ƙarnoni. Hanyar da labarin zai bi ya isa ga Bani Isra'ila kuwa a buɗe take ta kowace fuska. Farawa da kanta ta ce Ibrahim daga Ur ya fito, cikin Iraƙin yau. An tsinci gutsuren allon Gilgamesh a Magiddo, cikin ƙasar Kan'ana. Sannan Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa ya kwashe manyan garin zuwa Babila, suka zauna can shekaru da dama suna jin abin da ake karantawa a bukukuwan garin.

Mai imani yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce: in dai Ruwan Ɗufana ya faru, duk jikokin waɗanda suka tsira za su riƙe labarin, wasu su gurɓata shi da gumaka, wahayi ya zo ya gyara. Tsufan rubutu ba ya nufin tsufan gaskiya. Allon yumɓu ba zai iya ƙaryata wannan amsa ba, ba zai kuma iya tabbatar da ita ba, imani ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce babu alaƙa sam, kamar yadda na taɓa jin wani mai wa'azi yana rantsuwa. Wannan kam rufe ido ne da rana tsaka.

Inda na fi so a daɗe shi ne kan abin da ya bambanta. A labarin Atrahasis, don me aka halaka mutane? Sun yi yawa, hayaniyarsu ta hana allah Enlil barci. Ya aiko annoba, ya aiko fari, ba su ƙare ba, sai ya aiko ruwa. Da ruwan ya ɓarke, allolin da kansu suka tsorata, allon Gilgamesh ya ce suka takure kamar karnuka. Yunwa ta kama su, domin masu yi musu hadaya sun mutu. Shi ya sa da suka ji ƙanshin hadayar Utnafishtim suka yanyame ta kamar ƙudaje. Kuma Atrahasis ya ƙare da dabarun rage haihuwa: a yi mata waɗanda ba sa haihuwa, a yi aljana mai fizge jarirai daga cinyar uwa, a keɓe wasu mata ga bauta ba aure, don kada hayaniya ta dawo.

A Farawa Allah ɗaya ne, ba ya barci balle a tashe shi, ba ya jin yunwa, ba ya tsoron ruwan da ya saki. Dalilin halaka shi ne duniya ta cika da zalunci. Da Nuhu ya fito, kalmar farko da aka yi masa ita ce ku hayayyafa, ku cika duniya, sannan aka kafa dokar jini: wanda ya zubar da jinin mutum za a zubar da nasa. Wanda ya rubuta wannan ya san labarin maƙwabta sarai, kuma gardama yake yi da su. Ya ɗauki jirginsu da tsuntsayensu ya ce musu: kun riƙe labarin, amma ba ku san wanda ya yi ruwan ba, ba ku kuma san dalili ba. Haka ya yi a sura ta farko. Babilawa suna bauta wa rana da wata, shi kuwa ya ƙi ko kiran sunansu, ya ce babban haske da ƙaramin haske, kamar mai maganar fitilu biyu da aka rataye a zaure. Ɓarawo ɓoye kayan sata yake yi. Wannan a bainar jama'a ya ɗaga su yana juya musu ma'ana.

Misali na biyu duk wanda ya san kiwo zai gane shi. A dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila na wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka tono a Susa ta Iran a 1901 yake kuma birnin Faris na Faransa yanzu, akwai hukuncin sa mai tunkuyi. In sa ya soke mutum ba zato, ba komai a kan mai shi. In an san sa da halin, an gargaɗi mai shi bai ɗaure ba, to zai biya azurfa. A Baibul, Fitowa sura ta 21 ta kawo mas'alar a jere iri ɗaya: ba zato, sannan bayan gargaɗi, sannan in bawa ne aka soke. Dokokin wani gari da ake kira Eshnunna, waɗanda suka ɗan girmi na Hammurabi, sun ce in sa ya kashe sa, masu shanun su raba kuɗin mai rai da gawar mataccen. Fitowa 21:35 kusan kalma da kalma ta faɗi haka. Ido a bakin ido ma yana wurin Hammurabi. Amma a can, ido a bakin ido tsakanin manya ne, in talaka aka tsiyaye wa ido kuɗi za a biya. Kuma in magini ya yi ginin da ya rufta ya kashe ɗan maigida, ɗan maginin ake kashewa. Attaura ta toshe wannan ƙofa, ta ce ba za a kashe 'ya'ya saboda laifin iyaye ba. Alƙalan yankin duk makaranta ɗaya suka yi, in ji ni, fatawa ce ta bambanta.

Na uku ba ya ko buƙatar dogon bayani. Wani sashe na littafin Karin Magana na Baibul, daga 22:17 zuwa cikin sura ta 24, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nasihohin wani Bamisire mai suna Amenemofe. Littafin Bamisiren babi 30 ne, Karin Magana ta ambaci zantuka talatin. Bamisiren ya ce dukiyar haram takan yi fiffike kamar dinya ta tashi sama, Karin Magana ta ce dukiya takan yi fiffike kamar gaggafa. Masana Kirista da yawa sun amince da wannan aro ba tare da sun rasa barci ba. Labarin jaririn da aka sa a kwando aka saki a kogi, wanda ake ba da shi kan sarki Sargon na Akkad, ya fi wuyar yanke hukunci: sarkin ya riga Annabi Musa nesa, amma kwafin labarin da ke hannu na ƙarni na 7 ne kafin haihuwar Annabi Isa, don haka ba a san wa ya ji daga wa ba.

To, mu koma kan bidiyon ɗan yayata. A nan ne maganar ta faɗi ƙasa warwas.

Horus ɗan Isis ne da mijinta Osiris. Labarin Misirawa ya ce an kashe Osiris aka daddatsa shi, matar ta tattara gaɓoɓin ta haɗa, ta ɗauki ciki daga gare shi. Ko me za a kira wannan, ba haihuwar budurwa ba ce. Babu gicciye a labarin Horus, babu almajirai 12. Mitra na Rumawa daga cikin dutse ya fito, haka aka sassaƙa shi a ɗakunan bautarsa, abin da aka san shi da shi kuwa yanka bijimi ne. Ɗakunan ma sai a ƙarshen ƙarni na farko bayan Annabi Isa suka fara bayyana, bayan Bulus, ɗaya daga manyan masu wa'azin Kirista na farko, ya gama rubuta wasiƙunsa. Kirishna kuwa, mu da muka girma da finafinan Indiya bai kamata a ruɗe mu ba: shi ne ɗa na takwas a wurin uwarsa Debaki, kuma kibiyar maharbi ce ta same shi a ƙafa ya mutu. Ranar 25 ga Disamba ba ta cikin Linjila ko ɗaya. Sai a ƙarni na 4 aka fara ganinta a kalandar Rum, Kiristocin Armeniya har yau 6 ga Janairu suke yi. Ko an zaɓi ranar don a danne bikin rana na Rumawa ko a'a, masana suna ta ja, amma wannan zancen al'adar coci ne, ba na nassi ba.

Jerin nan bai fito daga allo ko takardar Misira ba. Daga marubutan ƙarni na 19 ya fito, irin su Kersey Graves na Amurka da littafinsa na 1875 kan masu ceto 16 da wai aka gicciye, da Gerald Massey na Ingila. Wani fim na 2007 mai suna Zeitgeist ya sake dafa shi, daga nan aka yi ta yanka shi gunduwa-gunduwa ana fassarawa har ya iso wayoyinmu. Gwajin mai sauƙi ne. Wanda ya ce Gilgamesh ya yi kama da Farawa zai ce maka allo na 11, je ka karanta. Wanda ya ce an gicciye Horus, ka tambaye shi a wace takarda, sai ya turo maka wani bidiyon.

Kama da wane ba ta wane. Bayajidda ya kashe maciji a rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura. Girkawa suna da jarumin da ya kashe dodon teku ya auri 'yar sarki. Ban taɓa jin wanda ya ce mutanen Daura sun karanta Girkanci ba. Kafin a ce aro, sai an nuna nassin da ya rigaya, a nuna hanyar da ya bi, a nuna kamanni a ƙananan abubuwan da ba sa zuwa bisa katari, irin jerin tsuntsayen nan.

Ba ina cewa Sabon Alkawari daga sama ya faɗo ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Da Girkanci aka rubuta shi, cikin daular Rum. Bulus a Atina ya jawo baitin mawaƙan Girkawa yana kafa hujja da shi, yana nan a Ayyukan Manzanni sura ta 17. Wasiƙar Yahuza ta ɗauko magana daga littafin Anuhu, wanda yawancin coci-coci ba su sa shi cikin Baibul ba, sai na Habasha. Wani malamin Kirista na ƙarni na 2, Justin, ya ce wa sarkin Rum abin da muke faɗa kan Yesu bai fi abin da kuke faɗa kan 'ya'yan Zeyus, babban abin bautarku, wuyar gaskatawa ba. Amma rumbun da marubutan Linjila suka fi ɗiba a ciki na gidansu ne, wato littattafan Yahudawa. Karanta Linjilar Matiyu ka ga jariri da sarki ke farautarsa, da gudu zuwa Masar, da kwana arba'in a jeji, da hawa dutse a ba da koyarwa. Inuwar Annabi Musa ce wannan, kuma Matiyu bai ɓoye ba, sau da yawa cewa yake yi don a cika abin da annabi ya faɗa.

Da ɗan yayata ya zo da safe, abin da na fara tambayarsa shi ne ko ya karanta Suratu Maryam. Ya ce haba Kawu. Na ce to, in haihuwar budurwa daga Horus aka kwafo, ina ka ajiye Nana Maryam? In jirgin Nuhu tatsuniyar Babila ce, me za ka yi da Suratu Hudu da Suratu Nuhu? In akwatin jariri na Sargon ne, ai yana cikin Ɗaha da Ƙasas. Ido a bakin ido yana cikin Ma'ida, an kuma ce a Attaura aka rubuta shi. Wanda ya shirya bidiyon nan ba ya bambance masallaci da coci, duka yake so ya rusa. Kai ka ɗauki sandarsa kana murna, ba ka lura ƙafarka take duka ba.

Ya yi shiru. Na tuna masa cewa wannan zargi tsohon abokin hamayyarmu ne. Kafiran Makka sun ce Alƙur'ani tatsuniyoyin mutanen farko ne da aka sa aka rubuta masa, yana nan a farkon Suratul Furƙan. Nadru ɗan Harisu yakan zauna inda Manzon Allah (SAW) ya tashi, ya shiga ba da labarin Rustum da Isfandiyar na Farisa, yana cewa nasa ya fi daɗi. A 1833 wani malamin Yahudawa a Jamus, Abraham Geiger, ya rubuta littafi guda kan abin da ya ce Musulunci ya ɗauko daga Yahudanci, wani ɗan mishan mai suna Tisdall ya biyo da nasa a 1905, kuma har yau akwai masu wa'azin Kirista da ke jifanmu da su. Amsar da muke ba su ita ce tushe ɗaya ne, Allah ya aika manzo ga kowace al'umma, kamanni shaida ce ba tuhuma ba. To in amsar ta yi mana, da wane baki za mu hana maƙwabci ita? Haka shi ma faston da ke karanta Tisdall da daɗin rai, ya sani allon Nineba yana jiransa a ƙofa.

Akwai kuma tarihin da ya sa nake ɗari-ɗari da masu zafin wannan magana. A 1902 Friedrich Delitzsch, babban masanin harshen Babila, ya yi lacca a Balin gaban sarkin Jamus, ya nuna yadda Tsohon Alkawari ya jingina da Babila. Abubuwa da dama da ya faɗa gaskiya ne. Amma zuwa 1920 ya kai ga cewa Kirista su yar da littafin Yahudawa gaba ɗaya, da harshe mai warin ƙiyayyar Yahudu. Ilimin na ƙwarai ne, abin da aka ɗora masa ne ya ɓaci. Mu da muka ga abin da kalma guda kan addini take jawowa a Kaduna da Jos ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Bahaushe, a cikin duk mutane, zai ɗauki aro abin kunya. Littafi, alƙalami, duniya, lahira, sallah, duk kalmomin aro ne, sun zama namu har ba ma jin baƙuntarsu. Da aka gama fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, masu fassarar ba su ƙirƙiro sabon suna ba, Allah suka rubuta, da Zabura, da Almasihu, da annabi. Kirista a Wusasa yana cewa Allah, ni ma ina cewa Allah, kuma kowannenmu ya san inda muka rabu. Malaman tafsirinmu ma sun cika littattafai da Isra'iliyyat, wato labaran da aka samo daga Ahlul Kitabi, suna tacewa, suna ɗauka suna bari.

Da ni ne mai tsara darasin addini a sakandare, na Kirista da na Musulunci duka, da na sa mako guda a karanta wa yara allon nan na 11 a fili, a ajiye shi kusa da Farawa da Suratu Hudu, a ce su nemo inda suka haɗu da inda suka rabu. Yaron da ya fara jin sunan Utnafishtim daga bakin malaminsa ba zai firgita ba ranar da wani mai kakkaurar murya ya faɗa masa shi da tsakar dare a matsayin asirin da aka ɓoye masa.

Ɗan yayata ya goge bidiyon daga inda ya tura shi, a gabana. Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Kawu, amma a Alƙur'ani ba a ambaci kurciyar ba ko?" Na ce ba a ambata ba, ba kurciya ba hankaka, jirgin ma a kan Judi ya tsaya. Ya ce to shi daga ina ya san labarin kurciya tun yana allo? Na ce ya je ya tambayi malamin da ya ba shi labarin a wane littafi ya gani.